Yadda ake kama cibiyar ƙwayar halitta tana sake rufe kanta, da albasa da madubin ɗakin gwaji

Wata Asabar a unguwar Nima da ke babban birnin Gana muna cikin darasin bayoloji da yaran unguwa masu shirin jarrabawar WASSCE, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, littafi ya ce da an fara rabuwa tantanin cibiya yana ɓacewa, a ƙarshe kuma ya sake bayyana. To a tsakani ina yake zuwa?" Na buɗe baki, na mayar na rufe. Shekara da shekaru ina biya wa yara wannan jimla kamar karatun allo, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba. Na ce ta ba ni mako biyu. Abin da ke ƙasa shi ne abin da muka yi a makon biyun, kuma duk wanda ke iya samun aron madubin hangen ƙananan halittu, wato maikuroskop, zai iya maimaita shi.

Ga shimfiɗa a taƙaice. Jikinka da jikin albasa duk tarin ƙwayoyin halitta ne, kowace da cibiya a cikinta. A cibiyar ne ake ajiye kuromosom, ƙunsoshin DNA masu ɗauke da gado: mutum yana da 46, albasa tana da 16. Cibiyar a lulluɓe take da tantani ninki biyu. Idan ƙwaya za ta rabu gida biyu, dole a buɗe wannan lulluɓi domin igiyoyin ja su kai ga kuromosom, su raba su daidai wa daida. Bajamushe Walther Flemming ne ya raɗa wa wannan rabuwa suna maitosis a 1882. Abin da za mu bi sawunsa shi ne ƙarshen aikin, lokacin da kowane rabi yake samun sabon lulluɓi.

Tun yanzu gara in faɗa maka gaskiya: tantanin kansa ba za ka gan shi ba. Madubin makaranta ba ya bambance abin da ya gaza nanomita 200, kaurin tantanin kuwa, ninki biyun a haɗe, bai kai nanomita 100 ba. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Abin da za ka gani alamunsa ne, kamar yadda maharbi ke gane dabba da sawu. Amma alamun a fili suke idan ka san inda za ka duba.

Mataki na farko: tsirar da saiwa

Tun da aka tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a 2021, babbar kasuwar ta yi mana nisa, amma kai ba buhu kake nema ba. Kasuwar Nima, ko ta Madina, ko teburin bakin layi ya wadatar. Nemi albasa busasshiya wadda ta kwana biyu, 'yar Galmi ko 'yar Bawku, mai lafiyayyen gindi, ba ruɓa ba tabo. Sayi uku, don ba kowace ke tsira ba. Dattijon da nake saye a wurinsa ya ga ina juya gindin kowace ina dubawa, ya ce, "Malam, wannan miya za a yi ko magani?" Na ce, "Baba, saiwa nake nema." Ya zaɓo min waɗanda suka fara nuna alamar tsiro, ya ce ai su dama ba mai so. Su ne kuwa suka fi ba ni aiki. Idan albasa ta ƙi, tafarnuwa ma tana yi, ita ma kuromosom 16 gare ta.

Kankare busassun saiwoyin da ke gindin a hankali da farce ko bayan wuƙa, kar ka yanke faifan gindin, don daga nan sabuwar saiwa ke fitowa. Ɗora albasar a bakin kofin gilashi ko kwalbar da bakinta ya fi albasar ƙanƙanta. In kofin ya yi faɗi, soka tsinken sakace uku a jikinta su riƙe ta. Zuba ruwa har ya taɓa gindin kawai. Nan ne na yi kuskurena na farko: na nutsar da rabin albasar a ruwa, da zafin Ankara, Ankara tamu ta Gana ba ta Turkiyya ba, kwana uku ɗakin ya ɗauki wari, uwargida ta kwashe kofunan ta watsar ba tare da ta nemi shawarata ba. Kuma ita ke da gaskiya.

Ajiye kofin a inuwa, ka riƙa sauya ruwan kullum. In ruwan famfo ne, bar shi ya kwana a buɗe kafin ka yi amfani da shi. Cikin kwana uku zuwa biyar za ka ga fararen saiwoyi sun sauko. Da sun kai santimita biyu zuwa uku, lokaci ya yi. Kar ka bari su yi tsawo su fara ja ko laushi.

Dalilin zaɓen saiwa shi ne a can bakin tsininta, milimita biyun ƙarshe, akwai wurin da ƙwayoyi ba su da wani aiki sai rabuwa. Ɓawon albasa da ake duba wa 'yan aji ɗaya yana nuna cibiya da kyau, amma ƙwayoyinsa sun gama rabuwa, ko shekara ka yi kana dubawa ba za ka ga komai na motsi ba.

Mataki na biyu: haɗa kaya

Yawancin kayan sai a ɗakin gwajin makaranta, don haka ka yi magana da malamin bayoloji ko mai kula da ɗakin tun ranar da ka jiƙa albasa. Kana bukatar madubin da ke ƙara girma har sau 400, da gilasan shimfiɗa samfuri da siraran murafansu, da asid na haidurokulorik mai ƙarfin mola ɗaya, da rini. Rinin da na fi so shi ne toluyidin shuɗi, saboda yana kamawa da wuri. In babu, asetik osin yana yi, har ma ya fi fito da kuromosom tas, sai dai yana son lokaci. Metilin shuɗi ma ya fi babu. Sauran kayan daga gida ne: sabuwar reza, allura biyu, takardar goge hannu, ƙaramin faranti, filas ɗin shayi cike da ruwan zafi, da ma'aunin zafi in akwai.

Maganar asid ba ta wasa ba ce. Mai kula da ɗakin gwaji ne zai haɗa shi, ba ɗalibi ba. Ana zuba kimanin mililita takwas da rabi na kakkauran asid a cikin ruwa a cike zuwa mililita 100, kuma asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba. Wani yaro ya taɓa ce min zai karɓo ruwan batir wurin makanikin layinsu. Wancan wani asid ne daban, salfurik, zai ƙone saiwar, ya ƙone rigarka, in ya samu ido kuwa sai dai a yi ta'aziyyar idon. Sa tabarau, ka ajiye bokitin ruwa kusa.

Mataki na uku: yanka da tausasawa

Yanko saiwa huɗu ko biyar, kowace kimanin santimita ɗaya daga tsini. Lura da wane ɓangare ne tsinin, don bayan asid duk sai su yi kama da juna. Tsinin ya fi fari, kamar madara, ya kuma fi siriri. Ni nakan yanka ɗaya gefen a karkace don in gane shi.

Zuba asid kaɗan a ƙaramar kwalba, ka tsayar da ita a cikin kofin ruwan zafi mai digiri 60. Jefa saiwoyin a ciki su yi minti biyar. Asid ɗin aiki biyu yake yi: yana kashe ƙwayoyin nan take, kowace ta sandare a matakin da ya riske ta, sannan yana narkar da ɗankon da ke manne ƙwaya da ƙwaya, don su yarda su baje. In ba ka da hanyar ɗumamawa, bar su a asid mai sanyi kamar minti goma sha biyar. In ka wuce lokaci saiwar za ta zama kunu, in ka gaza kuma ta ƙi matsuwa. Tsamo su da allura, ka sa a farantin ruwan sanyi minti biyar. Kar ka tsallake wankin nan, ragowar asid yana hana rini kamawa.

In ya zama saiwa ta isa yanka ranar Asabar, ɗakin gwaji kuwa sai Litinin, yanke su ka jiƙa a haɗin kashi uku na etanol da kashi ɗaya na tsantsar asid na asetik. Zai tsayar da su yadda suke har ka samu dama.

Mataki na huɗu: rini da matsewa

Ɗora saiwa ɗaya a kan gilashi, ka yanke milimita biyun tsini, ka yar da sauran. Hannu yakan yi nauyin yar da shi, amma dogon yanki ba abin da yake ƙara maka sai kauri. Ɗiga rini ɗigo ɗaya. Toluyidin minti biyu ya ishe shi, osin kuwa ba shi kamar minti goma. Sannan ka sa allura biyu ka tsattsaga yankin ya zama 'yan zare-zare.

Jingina murfin gilashi a gefen ɗigon, ka sauke shi a hankali da allura don kar iska ta shiga. Ninka takardar goge hannu sau uku ka ɗora a kai. Yanzu ga inda aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci: ɗora babban yatsa, ka danna ƙasa sak, da ƙarfi amma a natse, kamar mai dangwala yatsa a takardar zaɓe. Kar yatsan ya zame hagu ko dama ko da ƙiris. In murfin ya goce, ƙwayoyin za su naɗe kamar tabarma, kuromosom su kakkarye, ka rasa gane kan komai. Abin da ake so shi ne ƙwayoyin su kwanta shimfiɗa ɗaya, ba wata a kan wata. In ka ɗaga takardar ka ga yankin ya baje ya zama ɗan tabo mai launi mara kauri, faɗinsa kamar ƙwayar wake, ka yi daidai. In har yanzu da dunƙule a tsakiya, ƙwanƙwasa shi a hankali da robar gindin fensir, ka sake dannawa. Yi gilashi uku ko huɗu. Na farko da wuya ya yi kyau, ko a hannun wanda ya saba.

Mataki na biyar: nemo ƙwayoyin

Fara da ƙaramin ido na madubin. Za ka ga ƙwayoyi iri biyu: dogaye masu ƙaramar cibiya, da gajeru masu kusurwa huɗu, jere kamar bulo, cibiyarsu ta kusa cika su. Gajerun kake nema. Kawo su tsakiya, ka hau zuwa sau 100, sannan sau 400. A babban ido ƙaramin maɓallin saiti kaɗai za ka taɓa, in ba haka ba ka fasa gilashin. In an ɗauke wuta, fitilar waya a ƙarƙashin farar takarda tana maye gurbin ƙwan madubin, mun yi haka ba sau ɗaya ba.

Mafi yawan ƙwayoyin, sau da yawa tara cikin goma, ba rabuwa suke yi ba. Cibiyarsu kewayayyiya ce, gefenta sumul, da ɗigo ɗaya ko biyu a ciki da launinsu ya bambanta, su ne nukiliyolas. Kalli irin wannan cibiya da kyau ka riƙe kamanninta, don ita ce ma'auninka: haka cibiya mai cikakken tantani take. Daga nan za ka ga masu zare a cukurkuɗe kamar taliya, furofes ke nan. Waɗanda kuromosom suka yi sahu a tsakiya, metafes. Waɗanda sahun ya tsage biyu kowane na tafiya gefensa, anafes. Waɗannan duk littafi ya zana su, ba sai na daɗe a kansu ba.

Namu aikin daga ƙarshen anafes yake farawa, kuma littafi zane ɗaya tak yake ba shi, ya kira shi telofes, alhali abubuwa da dama ne a jere. Tunda ƙwayoyin a mace suke, ba za ka ga ɗaya tana sauyawa ba. Sai dai ka tsinto ƙwayoyi daban-daban ka jera su da kanka. Nemi wadda kuromosom suka isa gefe amma har yanzu hannuwansu na reto baya kamar yatsu, kana iya bambance ɗaya da ɗaya. A nan babu tantani tukuna. Sai ka nemi wadda yatsun suka janye, kuromosom suka cure wuri guda suka zama dunƙule mai duhu ƙwarai, ba ka iya ƙirga su. Wannan curewa ita ce alamar farko cewa lulluɓi na tafe. Ta gaba ita ce wadda gefen dunƙulen ya daina zama tsaka-tsaka ya yi santsi, kamar an goge shi. Sannan wadda dunƙulen ya fara kumbura, launinsa ya dusashe, duhun ya koma dabbare-dabbare. Kumburin nan shi ne shaidar cewa an rufe, ƙananan ƙofofin da ke jikin tantanin kuma sun fara shigo da kaya cikin cibiyar, kuromosom suna warwarewa. A ƙarshe za ka ga ƙananan cibiyoyi biyu fuska da fuska, nukiliyolas ya dawo a kowace, da siririn layi a tsakaninsu. Layin shi ne sabon bangon da ƙwayar tsiro ke ginawa daga tsakiya zuwa gefe. Ƙwayar dabba ba ta gina bango, tsuke ƙugunta take yi har ta tsinke biyu.

Zana su biyar ɗin da fensir a jere. Kana iya ɗora kyamarar waya a bakin madubin ka ɗauki hoto, amma ka yi zanen duk da haka. Na lura yaron da ya zana ya fi wanda ya ɗauki hoto ganin bambancin gefe mai tsaka-tsaka da mai santsi.

Mataki na shida: fahimtar abin da ido bai gani ba

Yanzu ga amsar tambayar yarinyar. Tantanin ba ya ɓacewa. A cikin kowace ƙwaya akwai wata shimfiɗaɗɗiyar ragar tantani da ake kira endofilasmik retikulum, a taƙaice ER, kuma lulluɓin cibiya a haɗe yake da ita, ɓangarenta ne. Ka ɗauka dogon tampol ne a kasuwar albasa, aka ja bakinsa aka rufe tarin buhuna. Da za a raba buhunan tsakanin mutum biyu, ba a yaga tampol a yar, janye shi ake yi gefe. In an gama rabo a sake jawo shi a kan kowane tari. Furotin ɗin da ke jikin tantanin ma haka suke komawa cikin ER su jira.

Mai ba da umarnin janyewa wani enzayim ne, wato furotin mai gudanar da aiki a cikin ƙwaya, sunansa CDK1, tare da abokin aikinsa saikilin B. Aikinsa shi ne liƙa fosfet a jikin furotin. Da ya liƙa wa lamin, wato ragar da ke tokare tantanin daga ciki, sai ta wargaje. Ya liƙa wa furotin ɗin ƙofofi, su ma su watse. Ya liƙa wa masu riƙe tantani da kuromosom, su saki. Tim Hunt ne ya gano saikilin a 1982, ya kuma raba kyautar Nobel ta 2001 da Paul Nurse da Leland Hartwell a kan yadda ake sarrafa rabuwar ƙwaya. Sake ginin kuwa juyin wannan ne. Da kuromosom sun rabu, ƙwayar takan lalata saikilin B, CDK1 ya yi sanyi, wasu enzayim biyu, PP1 da PP2A, su bi suna ciccire fosfet ɗin. Duk abin da aka hana shi mannewa sai ya samu dama.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake hana tampol shiga tsakanin buhuna. In da tantani zai naɗe kowane kuromosom shi kaɗai, da albasa ta tashi da ƙananan cibiyoyi 16 a ƙwaya ɗaya. Akwai wani ƙaramin furotin, BAF, da ke kama zaren DNA nan ya kama can, ya ɗaure saman tarin kamar ragar da ake jefa wa lodin mota. A 2017 masu bincike a Biyana ta ƙasar Ostiriya suka nuna cewa in aka cire shi daga ƙwayar mutum, cibiyar takan fito gutsi-gutsi. Wannan ka gwada wa yara da hannu: zuba lemun tsami takwas a warwatse a tebur, ka jefa hankici, za su ga ya lotsa tsakaninsu. Tara su a ragar lemu ka sake jefawa, sai ya rufe su rufi ɗaya.

Sai ER ya matso ya kwanta a kan tarin, furotin ɗin tantanin ciki irin su LBR da emerin su kama kuromosom su riƙe. Yadda tantani yake sanin inda zai je kuwa, kuromosom ɗin ne da kansu ke kira. A jikinsu akwai furotin RCC1 da ke kunna wani mai suna Ran, shi kuma Ran a kunne yana sakin kayan gini daga hannun masu tsaronsu. Saboda haka gini ba ya tashi sai a kusa da kuromosom. A lokaci guda ake kafa ƙofofi. Furotin ELYS yakan fara zama a kan kuromosom, ya jawo zoben farko, sauran su biyo. Kowace ƙofa da furotin iri kusan 30 ake haɗa ta, cibiya ɗaya ta mutum kuma tana da ƙofofi dubbai. A ƙwayar mutum, cikin kimanin minti goma da fara anafes cibiyar ta soma shigo da kaya. Lamin da yawa ta waɗannan ƙofofi yake shiga ya sake saƙa ragarsa daga ciki.

Saura huda. Igiyoyin da suka ja kuromosom har yanzu suna maƙale, tantani ya zo ya kewaye su, kamar tampol da igiya ta ratsa. A 2015 ƙungiyoyin bincike biyu, ɗaya a Ingila ɗaya a Nowe, suka nuna cewa wani rukunin furotin mai suna ESCRT-III ne ke taruwa a bakin kowace huda ya tsuke ta kamar mazagin wando, wani enzayim mai suna sifastin kuma ya datse igiyar. Da an tsuke huda ta ƙarshe, cibiya ta rufu.

A yi hattara da abu ɗaya. Yawancin wannan bayani daga ƙwayoyin mutum da ƙwan kwaɗon Afirka, zenofus, aka samo shi. Albasa tana wargaza tantaninta ta sake ginawa kamar mu, amma tsirrai ba su da lamin irin namu, suna da nasu furotin da ke wannan aiki. Akwai ma halittun da ba sa buɗe cibiyar sam. Yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi a cikin rufaffiyar cibiya yake raba kuromosom ɗinsa. Haka ma ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro, tana ninka cibiyoyinta a cikin jan jininmu ba tare da ta rushe tantanin ba. Irin waɗannan ƙwayoyin cuta ake nazari a cibiyar bincike ta WACCBIP a Jami'ar Gana da ke Legon, nan kusa da mu.

Mataki na bakwai: ƙirga, da neman inda aka yi kuskure

Zaɓi wuri mai kyau a gilashin, ka ƙirga ƙwayoyi aƙalla 200, kana rubuta matakin kowace. Mutum biyu sun fi, ɗaya na dubawa yana faɗa, ɗaya na jan layi. Yawan ƙwayoyin da ke wani mataki yana nuna tsawon lokacin da matakin ke ci. A ce cikin 200 ka samu 6 a telofes, kashi 3 cikin 100 ke nan. Littattafan makaranta sukan ɗauki awa 24 a matsayin zagaye ɗaya don sauƙin lissafi, sai ka samu kimanin minti 43. Ainihin tsawon zagayen yana sauyawa da zafi, don haka ka rubuta a rahotonka cewa ƙiyasi ne.

Kana cikin ƙirgar, ka sa ido ko za ka ga ƙwaya mai babbar cibiya da wani ɗan ƙaramin ɗigo a gefenta, mai launi iri ɗaya da ita. Wannan kuromosom ne ko gutsurensa da ya makara a hanya, aka rufe ƙofa ba shi, sai ya samu nasa ɗan lulluɓi. Lulluɓin irin wannan ƙaramar cibiya ba shi da ƙwari, yakan fashe, DNA ɗin ciki ya kakkarye, kuma ana yawan samun haka a ƙwayoyin sankara. Lahani a kayan ginin ma yana jawo ciwo: matsala a emerin ko lamin A na haifar da wani ciwon shanyewar tsoka, wani sauyi a lamin A kuma shi ke kawo furojeriya, ciwon da ke tsofar da yaro tun yana ƙarami.

A saiwar da ta tsira a ruwa mai tsabta da wuya ka ga ƙaramar cibiya. Shi ya sa tun bayan aikin Albert Levan na Suwidin a 1938 ake amfani da saiwar albasa wajen gwada guba. In kana neman aikin bincike na makaranta, ga shi a ƙofar gida. Tsirar da albasa shida a ruwa mai kyau. Mayar da uku cikin ruwan da ka ɗebo daga babban gwatan Nima ko kogin Odaw na kwana biyu, uku su zauna a ruwansu. Auna tsawon saiwoyi, ka yi gilasai daga kowane rukuni, ka ba wani ya rufe sunayen da takarda kafin ka ƙirga, don zuciya tana ganin abin da take so ta gani. Sa safar hannu wajen ɗiban ruwan, ka wanke hannu da sabulu. Abin da ka samu shi za ka rubuta, ko da babu bambanci.

Ga masu jarrabawa: in an ce ka lissafa abubuwan da ke faruwa a telofes, rubuta su gajeru yadda manhaja ta kawo, kuromosom sun isa gefe sun warware, tantanin cibiya ya sake haɗuwa, nukiliyolas ya dawo, igiyoyi sun watse. Mai duba takarda ba BAF yake nema ba. Yarinyar da ta yi tambayar dai ta ce ita ba za ta sake rubuta "ya bayyana" ba, "ya sake haɗuwa" za ta rubuta, na ce wannan ba mai rage mata maki.

Gilashin da ya yi kyau, shafa jan farce mara launi a gefunan murfinsa, zai yi 'yan kwanaki bai bushe ba, ka rubuta kwanan wata a jikinsa. Ragowar asid a zuba masa garin bikabonet kaɗan-kaɗan har ya daina kumfa, sannan a zubar da ruwa mai yawa. Reza a naɗe ta a takarda kafin a yar, saboda yara masu tonon bola. Albasar da ta zauna a ruwa mai tsabta, mayar da ita kofi, sauran saiwoyin za su ba ka gilasan mako mai zuwa. Wadda ta sha ruwan gwata kuwa a ƙulle ta a leda a yar da ita nesa da kicin, kar wani ya tsince ta ya yanka a miya.